Abin da Motar Baba Ta Faɗa

Da asuba Wasyl ya janyo ta da tarakta
daga ramin gefen hanyar Dauphin.
Ƙanƙara ta daskare a gemunsa.
Ya ce, "Halyna, ga ta. Tsohon naki lafiya lau,
bakinsa ne kawai bai huta ba."

A-kori-kura ce shuɗiya, ta girmi ɗana na fari.
Na tura ta gareji, na kunna murhu,
na bar ta ta gama hawayenta tukuna.
Dusar da ta cushe mata ciki
tana ɗiga a siminti, ɗis, ɗis.
Ba a yi wa mai rawar ɗari tambaya.

Baba Orest na zaune kan tsohuwar taya,
bargo a kafaɗa, filasta a goshi.
"Birki ne," in ji shi. "Na taka, ya nutse.
Shekara hamsin ina bin hanyar nan."

To.
Na ɗaga ta a jak, na kwanta, tocila a baki.
Sandar sitiyari ta dama ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu.
Lagireto ya tsage ta ƙasa,
koren ruwansa ya bi bamba ya sandare.
Shokazoba ɗaya ta yi aman mai.
Na juya tayar gaba, na kasa kunne:
boris na gurnani can ciki,
amma wannan tsohon ciwo ne, tun bara nake masa mita.

Duk waɗannan bayan faɗuwa suka zo.
Ni wanda ya riga faɗuwa nake nema.

Na buɗe tulun man birki: cike, har wuya.
Na bi bututu da yatsa daga gaba har baya,
ko danshi babu.
Na kwance tayoyi huɗu, takalman birki da sauran aukinsu.
Na hau, na taka.
Ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin ƙafata.
Na sake takawa.
Har cikin raina na so ya nutse.

Da rana na je wurin.
Sanyi talatin ƙasa da sifili, iska ba ta motsa ba tun jiya,
don haka dusar ta riƙe labarin yadda aka ba ta.
Hanya ta karkata hagu wajen rumbun su Kowalchuk.
Sawun taya biyu sun miƙe sak.
Babu jan birki, babu sawun barewa,
babu alamar an ko murɗa sitiyari.

Na dawo na zauna a kujerarsa,
gwiwata ta bugi ƙarfe.
Yaushe ya matso da ita gaba haka?
A aljihun mota: safar hannun marigayiya Inna,
gilashin ƙara girman rubutu,
da takardar likitan ido daga Winnipeg,
ranar zuwa ta wuce da wata uku.

Shi ya koya mini, ina 'yar tara,
ina miƙa masa sifana:
ƙarfe ba ya ƙarya, kuma ba ya jin kunyar kowa.

Na rubuta kayan da za a saya, na miƙa masa.
Ya kai takardar nesa. Ya kawo ta kusa.
"Karanta mini, garejin nan naki duhu."
Fitila huɗu ke ci a kanmu.

Na karanta. Na ce kafin kayan su iso
sai ƙanƙara ta narke.
Bai tambayi birki ba.
Ni ma ban ɗauko zancen ba.
Makullin ya kwana a aljihun rigata.

Da yamma na kai shi gida a tawa.
Ya zauna a dama, hannu biyu kan cinya,
kamar baƙo a ɗakin da ya gina.
Muna dab da rumbun ya ce,
"Rage gudu, akwai kwana nan gaba."
Na waiga.
Idanunsa a rufe suke.